Gidan Kanar Barnabas Ya Kama Hanya

Garin Larkin babu shi yanzu. Wanda ya bi ta wurin ba zai ga komai ba sai ciyawa, da wasu ramuka masu kusurwa huɗu da ruwan sama ya cinye bakinsu, sai kuma iska, wadda dama ta riga kowa zuwa Nebraska. Amma a shekarar da 'yan safiyon jirgin ƙasa suka zo suna kafa turaku masu jan ƙyalle, gari ne sosai. Akwai maƙera, akwai kanti, akwai coci mai ƙararrawa, akwai kuma masaukin baƙi mai bene na Kanar Barnabas Whitlock.

Kanar ɗin nan ba wanda ya naɗa shi. A lokacin yaƙin basasar Amurka alfadarai ya kora. Da ya tsallako kogin Missouri sai ya sayi tsohuwar rigar soja mai maɓallan tagulla, ya tara gashin baki, ya wayi gari Kanar. A yamma ba a tambayar mutum abin da ya baro a gabas, don mai tambayar ma yana da nasa.

To, turakun nan ba su bi ta Larkin ba. Sun wuce ta arewa, tafiyar rabin yini a keken shanu. Kowa kuwa ya san garin da dogo ya tsallake ya mutu, jana'iza kawai ta rage. Aka taru a coci, aka yanke shawarar yin abin da sauran garuruwa suka yi: kowa ya kwance gidansa katako-katako, ya miƙar da ƙusoshinsa, ya loda a keken shanu, ya je ya sake kafawa a bakin layin. A ƙasar da babu itace ba a barin ko guntun filanki.

Nan ne Kanar ya miƙe, ya gyara riga.

"Jama'a, kun ba ni kunya," in ji shi. "Zamanin injin tururi, kuna kwance gida kamar masu fige kaza? Ni nawa gaba ɗayansa zai tafi, da benensa da gadajensa. A Chicago da idona, kai, me na ce da idona, da hannun nan nawa na ɗaga otal mai hawa biyar. Baƙi na ciki suna shan kofi, ko cokali bai motsa ba."

Gottlieb Renner, maƙerin gari, Bajamushe ne mai wuya kamar na bijimi. Ya cire lofe daga bakinsa.

"Kanar, a makon jiya hawa uku ne."

"An ƙara gini bayan na taho."

"Kai kuma aikinka a wurin me ne?"

"Ba da umarni."

"Wa alfadarai?"

Coci ya ɗauki dariya. Kanar ya bari ta lafa, sannan ya ɗaga yatsa. "Ku yi ta yi. Ranar da jirgin farko zai shigo, masaukina zai riga kowa zama a gaban tasha. Gottlieb, kai zan ba ka aikin riƙe wa baƙina dawaki."

Ya koma gida yana tafiyar ƙasaita. Ya tarar da matarsa Keziah tana kwaɓa burodi. Labari ya riga shi isowa, kamar yadda ya saba.

"Mista Whitlock," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba. Haka take kiransa tun ranar aurensu, Kanar kuwa ba ta taɓa furta shi ba. "Daga Ohio ka ce arziki yana Indiana. Daga Indiana ka ce Illinois. A Iowa ko labule ban gama ratayawa ba ka ce mu tashi."

"Keziah, wannan karon ai ba tashi za mu yi ba. Gidan ne zai tashi."

Ta nuna bakin taga da haɓa. A can akwai rabin ganga cike da ƙasa, da wani ɗan itacen tuffa a ciki, tsawonsa bai wuce kafaɗar mutum ba. Daga gonar mahaifinta ta yanko reshen. Shekara da shekaru tana yawo da shi a bayan keken shanu, tana datse masa saiwa, ba ta taɓa dasa shi a ƙasa ba, don ba ta taɓa yarda sun zauna ba.

"Ka ji ni da kyau. Ranar da jirgin farko ya iso, in gidan nan bai zauna a ƙasa ba, da murhuna a cikinsa, jirgin zai koma gabas da ni da tuffata. Yayata Drusilla ta daɗe da share mini ɗaki."

Ta ci gaba da kwaɓi. Kanar ya juya ya fita. Ya san matarsa ba ta faɗin magana sau biyu. Ya kuma sani, a can ƙarƙashin maɓallan tagulla inda ba ya leƙawa sosai, cewa duk duniya ita kaɗai ce ta san ko shi wane ne, ta kuma zauna da shi a hakan.

Abu na farko da ake bukata shi ne gumagumai, waɗanda za a jera a ƙarƙashin gida ya riƙa mirginawa a kansu. Itace kuwa babu. Amma a bakin rafi akwai tarin falwaya da kamfanin jirgi ya sauke don wayar tangarahu. Kanar ya sa aka kwaso.

"Na kamfani ne fa," in ji Olof Lindqvist, manomi ɗan Sweden wanda aka yi hayarsa da shanunsa goma sha biyu.

"Aro ne. Ni da shugaban kamfanin kamar hanta da jini muke."

Ranar ɗaga gida gari ya fito kallo, har masu tsakiyar kwance rufinsu suka sauko. Aka sa jak a kowace kusurwa, Kanar na tsaye a bakin ƙofa yana ƙirga murɗi da takobi. Gida ya yi ƙara, ya ɗaga, aka cusa falwaya. Olof ya yi wa shanu magana a hankali, sarƙa ta miƙe, gida ya motsa.

Bututun hayaƙi bai motsa ba. Na bulo ne, daga ƙasa aka gina shi, ba wanda ya tuna ya gaya masa ana tafiya. Ya tsaya ƙyam, gida ya wuce, ya tsaga rufi kamar wuƙa a man shanu, sannan ya yi tunani ya zube. Toka ta turnuƙe.

"A Chicago ma haka ake yi?" Gottlieb ya ɗaga murya.

"Dama nauyi ne! Na yi niyyar rage shi!" in ji Kanar. "Bari in duba baya."

Ya ratsa cikin gida da sauri, ya buɗe ƙofar baya, ya taka da ƙarfin hali. Abin da ya manta shi ne gidan ya matsa gaba, abin da ke bayan ƙofa yanzu ramin ajiyar abinci ne na ƙarƙashin gida, buɗe. Aka ji tsulum. Da aka leƙa, sai ga takalman Kanar suna harbin iska daga cikin gangar kabejin da Keziah ta jiƙa da gishiri tun kaka. Mutum uku suka ciro shi. Daga ranar rigar sojan nan ba ta sake rabuwa da tsamin kabeji ba, ko da an wanke ta, har karnuka suka riƙa sanin zuwansa tun daga nesa.

Keziah ta leƙo ta taga. "Mista Whitlock, abincin hunturu ne ka yi wanka da shi."

Aka kama hanya. Yadda ake yi shi ne shanu su ja, falwayar da ta fito ta baya a ɗauko ta a kai gaba, a sake ja. Kafin rana ta faɗi, in ka waiwaya, kana iya karanta allon kantin Larkin. Kajin Keziah sukan sauka da safe su koma tsohon wuri su yi ƙwai, su dawo su tarar da gida bai yi nisa ba. Keziah na ciki tana girki, ta fitar da bututun gwangwani ta taga, ta ɗaure tukwane da igiya.

Maƙwabta suka riƙa wucewa da gidajensu a kwance cikin keken shanu. Mai kanti ya wuce. Coci ya wuce, ƙararrawa na bugawa a kowane gargada. Gottlieb ya wuce da kayan maƙera, ya je ya kafa rumfa, ya dawo ɗaukar uwar maƙera, ya sake wucewa.

"Sannu da gudu, Kanar! A yi a hankali kada a take wani!"

"Mai hankali ba ya gaggawa!"

"Na ga wani kunkuru a baya yana neman hanya, ko za ka ɗan kauce masa?"

Wannan ta shiga Kanar. Ya juya kan Olof. "Shanunka ragwaye ne, kai kuma kana lallashinsu kamar amare. Ba ni bulalar nan. Ni na kora dabbobi a ƙarƙashin ruwan harsashi."

Olof mutum ne da ba ya jayayya. Ya miƙa bulala, ya nemi wuri a ciyawa ya zauna, ya cika lofe.

Kanar ya kaɗa bulala, ya daka tsawa. Shanu suka dube shi. Ya ƙara tsawa, ya haɗa da irin zagin da ke tayar da alfadari. Babban san da ke gaba ya lanƙwashe gwiwa ya kwanta. Sauran suka ga shawara ce mai kyau, suka bi shi, suka shiga tuƙa.

"Me ke damunsu?"

"Ba sa jin Turanci," in ji Olof. "Tun suna maruƙa da yaren gida nake yi musu magana."

"To gaya musu Kanar ne ke ba da umarni!"

Olof ya yi wa babban san wata 'yar magana. San ya kaɗa kunne.

"Me ya ce?"

"Ya ce wane ne ya zubar da kabeji."

Sai da Keziah ta miƙo wa Olof burodi mai zafi ta taga, ta ce, "Mista Lindqvist, yi haƙuri, ka dube ni," sannan ya karɓi bulalarsa.

A haka, da faɗuwa da tashi, har suka isa layin. Masu haƙa da ciko sun riga sun wuce yamma, sun bar doguwar hanya a ɗage, miƙaƙƙiya, a daddaɓe sumul, tana jiran masu shimfiɗa dogo da ke tafe daga gabas. Sabon Larkin yana can yamma kaɗan, ana hango hayaƙinsa. Tsakanin nan da can kuwa duk kwazazzabai ne da ramukan gafiya.

Kanar ya hau kan cikon, ya buga ƙafa, idonsa ya yi haske.

"Olof! Dubi abin da kamfani ya shimfiɗa mini."

"Hanyar jirgi ce, Kanar."

"Ina jirgin? Ka gan shi? Masu dogo suna can ba su ko tsallako kogi ba. Kafin su iso ni na yi barci na farka a gaban tasha."

Abin haushin shi ne dabarar ta yi aiki. Da aka hau da gidan kan ciko, aka daidaita shi a tsaye, sai ya riƙa tafiya kamar an shafa masa mai. Abin da ake yi a yini aka koma yi kafin karin kumallo. Mutanen Sabon Larkin suka fito bakin gari suna kallon bene na tahowa a kan hanyar jirgi, da hayaƙi ta taga, da Kanar a kan rufi hannu a ƙugu. Mai kanti, wanda rabin katakonsa ya tsage wajen kwancewa, ya ce, "Kai, ko dai mutumin nan ya je Chicago ɗin da gaske?" Gottlieb ya juya ya koma maƙerarsa.

Da maganar mai kanti ta je kunnen Kanar, otal ɗin Chicago ya koma hawa bakwai.

Washegari da hantsi Olof ya taɓa masa hannu, ya nuna gabas. Can ƙarshen ciyawa akwai wani baƙin hayaƙi a tsaye. In iska ta juyo, ana jin ƙarar guduma a kan ƙarfe, ƙwal, ƙwal, ƙwal, ba hutawa.

"Wutar daji ce," in ji Kanar.

"Wutar daji mai guduma?"

Da azahar hayaƙin ya ƙara girma. Masu shimfiɗa dogo ba kamar shanun Olof suke ba. Keziah ta leƙa ta tagar baya, ta daɗe tana kallo, sannan ta shiga ta sauko da akwatinta daga kan kabad. Kanar ya ji ƙarar saukarsa har cikin haƙoransa.

"Jirgin ruwa!" ya ce. "Me ke tura jirgin ruwa? Ga iska tana ta wucewa a banza tun da aka halicci Nebraska!"

Ya sa aka kafa falwaya ɗaya ta tsagar da bututu ya bari a rufi. Ya ɗinke tamfol biyu na keken shanu, ya haɗa da zannuwan gadon baƙi. Sauran falwayar duka ya sa aka jera a gaba, har zuwa cikin gari, don daga nan hanyar gangara take. Olof ya dubi tamfol, ya dubi sama, ya je ya sassauta ƙugiyar sarƙar shanunsa ba tare da ya yi shawara da kowa ba.

Kanar ya hau rufi, ya zare takobi, ya sare igiya. Tamfol ya buɗe, ya cika, fam!

Da farko gida ya yi kamar yana tunani. Sannan sarƙa ta yi sako-sako. Sannan shanun baya suka ji matakalar ƙofa tana taɓa musu wutsiya. Olof ya fizge ƙugiya, ya yi ihu da yarensu, shanu suka watse dama da hagu. Gida ya wuce ta tsakaninsu shi kaɗai.

Mutanen Sabon Larkin suna cikin ɗaura tutoci a dandamalin tasha, sai suka ga masaukin baƙi ya nufo su da gudu, falwaya na tsalle ta bayansa, kaji na tashi ta tagogi, Kanar ya rungume falwayar tamfol yana kiran sunayen manzanni ɗaya bayan ɗaya. Daga ciki ana jin muryar Keziah, ba da ƙarfi ba: "Mista Whitlock. Mista Whitlock, miya."

Iskar Nebraska ba ta da alƙawari. Daidai gaban dandamali ta juya. Tamfol ya karkace, gida ya yi juyi kamar mai rawa, ya gicciye a kan hanya, falwayar ƙarshe ta fice. Ya zauna daram. Tsakiyarsa na kan ciko, gefen kicin ya sauka ƙasa ta kudu, ɗaya gefen ya sauka ta arewa, kamar sirdi a bayan alfadari.

Ƙura ta lafa. Sai wata kaza ta sauko ta yi kyarkyara.

Kanar ya zamo daga rufi, ya kakkaɓe riga. "Na ce muku a gaban tasha," ya ce. "Ga ni a gaban tasha."

"A'a, Kanar," in ji Gottlieb, yana share hawayen dariya. "Kana kan tasha."

Aka kawo jak, jak ya nutse. Aka ɗaura shanun Olof, aka ƙara da na mai kanti da dawakin fasto, gida ya ce ya iso. Ana cikin haka masu dogo suka ƙaraso, leburori kamar fara, suna jefa katako suna ɗora ƙarfe suna bugawa, har dogon ya zo ya tsaya a jikin bangon falo.

Helmansu wani ɗan Ireland ne, Mista Corrigan, gajere, fuskarsa ja kamar gauta. Ya zagaya gidan sau ɗaya. Ya dubi falwayar da ke warwatse, ya duƙa ya karanta tambarin kamfani a jikin ɗaya.

"Wane ne mai wannan abin?"

"Kanar Barnabas Whitlock. Ni da shugaban kamfaninku..."

"Wayarmu ta tsaya a bakin rafi don babu falwaya. Ashe kai ne." Ya shaƙi iska, ya yamutsa fuska. "Me ya mutu a nan?"

"Kabeji ne," jama'a suka amsa baki ɗaya.

"Ka ji, Kanar ko Janar. Mun fasa dutse, mun cike kwari, mun ratsa kogi. Dogo ba ya kaucewa, ba ya jira. Gobe manya za su shigo da jirgin farko. Ina da albarushi, ina da zarto. Zaɓi."

Kanar ya fara jawabi a kan 'yancin ɗan ƙasa da tsarin mulki. Bai kai ko'ina ba ƙofar kicin ta buɗe. Keziah ta sauko, da miya a gaban rigarta, da tsintsiya mai dogon hannu.

"Mista Corrigan, jirgin naku faɗinsa nawa?"

Ya cire hula, ya gwada mata a ƙasa. Ta auna da sandar tsintsiya, ta je jikin bango ta sake aunawa, ta ja layi biyu da gawayi.

"Nan zuwa nan. Falo ne. Ba abin da ake yi a cikinsa sai surutu. Kada zarto ya taɓa mini kicin. In kun gama akwai wake da burodi."

"Keziah! Falona! Kujerata! Hotona da kayan soja!"

"Ka cire hoton, Mista Whitlock. Ƙusar ma ka miƙar da ita, za ta yi amfani."

Leburorin da suka yi wata da watanni suna cin abincin sansani, da suka ji ƙanshin burodi, suka yanka falon nan da ladabi kamar masu yanka alkaki. Suka cire shi daga rufi har ƙasa, suka tokare ɓangarorin biyu da katakon dogo, suka kafe su da manyan ƙusoshi don kada girgizar jirgi ta motsa su. Dogo ya shiga ta inda kujerar Kanar take, ya fita ta inda hotonsa yake, ya yi yamma abinsa.

Ranar jirgin farko duk ƙasar ta hallara. Ga 'yan badujala, ga tutoci, ga fasto da jawabinsa. Kanar yana ɓangaren arewa, inda matakalar bene da gadajen baƙi suke, a tsaye a bakin ɗakin da ba shi da bango. Ta tsallaken dogo yana kallon ɓangaren kudu. Ya ga Keziah ta fito da hularta ta zuwa coci. Ya ga Olof da Gottlieb sun fito da rabin gangar tuffa, suna nishi, sun ajiye a gefen dandamali.

Ya buɗe baki zai kira ta, jirgi ya yi kuka.

Kan jirgin ya shigo cikin gidan da huci da tartsatsi. Hayaƙi ya cika bene, ya fito ta kowace taga. Iskarsa ta ɗauke hular Kanar ta kai ta inda ba a sake ganinta ba. Taragai suka biyo, suka tsaya cik a tsakiyar falo. Manyan kamfani da matansu suka leƙo ta taga, suka yi ido huɗu da wani mutum baƙi ƙirin da hayaƙi, mai warin kabeji, ga dogon wandonsa na ciki a rataye a ƙafar gado a bayansa. Wata mata ta ɗaga tabarau.

"Wannan shi ne mai kula da tasha?"

"A'a, Misis," Gottlieb ya amsa daga ɗaya gefen, da muryar da ta fi ta badujala. "Wannan shi ne ya ɗaga Chicago!"

Dariyar da aka yi har direban jirgi sai da ya leƙo. Kanar bai ji ta ba. Taragai sun tare masa kudu gaba ɗaya. Ya yi dama, tarago. Ya yi hagu, tarago. Sai ya durƙusa, da rigar soja da komai, ya kwanta rub da ciki a kan tsakuwa, yana leƙe ta tsakanin ƙafafun jirgi. Takalma ne birjik a dandamali. Ya nemi baƙaƙen takalman Keziah masu maɓalli, waɗanda aka sake wa dunduniya a Iowa. Ya gan su kusa da matakalar tarago. Tururi ya taso ya rufe. Da ya washe, babu su.

Aka gama jawabai, bai ji ko ɗaya ba. Jirgi ya sake kuka, ya fara ja da baya zuwa gabas. Taragai suka riƙa wucewa a gabansa ɗaya bayan ɗaya, yana duba kowace taga. Kan jirgin ya fice, ya bar hayaƙi.

Da hayaƙin ya baje, sai ga rabin ganga a fashe, katakonta a jere a gefe guda. Keziah tana durƙushe a gefen ƙofar kicin, ta ajiye hular coci a kan matakala, tana danna ƙasa da tafin hannu a gindin tuffa.

Kanar ya miƙe a hankali. Duk garin na kallonsa.

"Keziah... ba ki..."

"Na ce gida ya zauna a ƙasa da murhuna a ciki. Ya zauna." Ba ta ɗago kai ba. "Kuma tun da na aure ka, wannan ne gida na farko da ba za ka iya tayarwa ba. Kamfani ya kafe mini shi da ƙusa. Matafiya kuma ba sa zuwa da tukunya, a kicina za su ci."

"Ai dama," Kanar ya fara, muryarsa na dawowa kaɗan-kaɗan, ƙirjinsa na tasowa, "dama tsarin da na yi ke nan. Masauki na farko a duk Amurka da jirgi ke shiga har cikin..."

"Mista Whitlock."

"Na'am."

"Itacen nan yana son ruwa, bokiti yana ɓangarenka. Ka duba dama da hagu kafin ka tsallako falonka."